Wane let ya kamata ka fara da shi idan kana son ƙera ƙananan injuna?

Wanda ya ga ɗan injin tururi da bai wuce tafin hannu ba yana juyawa a kan tebur, ya ji shi ma yana son ƙera irinsa, tambayar da yake fara yi ita ce wace na'ura zai saya. Amsoshin da yake samu kuwa sukan ƙara rikita shi. Wani ya ce ɗan ƙaramin na China ya isa. Wani ya ce wannan zubar da kuɗi ne, ya nemi tsohon na Ingila. Wani kuma ya nuna masa na Amurka da ake ɗauka da hannu biyu a saka a kabad. Kowannensu da gaskiyarsa, domin abin da kowa ke ƙerawa daban ne. Saboda haka fara tsayar da irin injin da kake son ƙerawa, shi ne zai gaya maka na'urar da ta dace da kai.

Na'urar da ake magana a kanta ita ce wadda masu sana'a ke kira let. Tana damƙe ƙarfe a cikin cok, wato kai mai yatsu da ke riƙe aiki, ta yi ta juya shi, wuƙa kuma tana sassaƙa. Silinda, fistin, karanshaf da fulawil (ƙafa mai nauyi da ke daidaita juyin inji) duk a kanta ake yin su. Wannan sha'awa ta fi kafuwa a Ingila, inda aka kafa mujallar Model Engineer tun 1898, kuma da yawa daga zane-zanen da ake bi har yau an tsara su ne daidai girman let ɗin da magidanci ke iya ajiyewa a ɗan shagon bayan gidansa.

## Ma'aunan da za a bi

Na farko shi ne faɗin abin da let ke iya juyawa ba tare da ya taɓa gadonsa ba, wato doguwar shimfiɗar ƙarfen da sauran sassa ke zaune a kai. Idan ka ga an rubuta 7x14, ma'anarsa faɗi inci 7, tsawo inci 14. A aikin ƙananan injuna tsawo bai cika damun mutum ba, faɗi ne ke tsayar da aiki, kuma fulawil ne mafi faɗi a kowane inji. Ka tuna kuma inci 7 ɗin nan a saman gado ne kawai. A saman keken da ke ɗauke da wuƙa kusan rabin haka ne ke wucewa.

Na biyu, wanda sabon shiga ya fi mantawa da shi, shi ne mafi ƙarancin gudu da ƙarfin da na'urar ke da shi a wannan gudun. Ga lissafin: a ninka 320 da gudun yanka na ƙarfen (mita nawa a minti), a raba da faɗin aikin a milimita, abin da ya fito shi ne yawan juyi a minti. Da wuƙar HSS, wato ta ƙarfe mai tauri da ake iya wasawa, ƙarfen zubi yana son wajen mita 20 a minti, baƙin ƙarfe mai taushi 30, tagulla 60 ko fiye. Ke nan fulawil na ƙarfen zubi mai faɗin milimita 75 yana son juyi 85 kacal a minti, sandar baƙin ƙarfe mai milimita 25 tana son kamar 380, siririyar tagulla mai milimita 6 kuwa tana son fiye da 3,000. Na'urar da ba ta sauka ƙasa da 500 za ta ƙona bakin wuƙa a kan fulawil. Wadda take sauka amma ba ta da ƙarfi a can ƙasa, tsayawa za ta yi cak da zarar wuƙa ta kama.

Na uku nauyi ne. Let mara nauyi yana karkarwa idan yanka ya yi zurfi, kuma karkarwar tana barin zane a jikin aiki kamar an bi shi da tsinke. Amma nauyin nan shi ne kuɗin dako, shi ne kuma wahalar shigar da na'ura ɗaki.

Sauran su ne kuɗi, wuta, da samun kayan gyara. A kan kuɗi, masu wannan harka suna da ƙa'idar da ba ta cika kuskure ba: ka tanadi rabin kuɗin na'urar, ko ma kwatankwacinsa, domin kayan aiki. Farashin da za a ambata a ƙasa ƙiyasi ne na inda ake sayarwa, ban da dako da kwastan, kuma yana motsi.

## Ɗan ƙaramin let na China

Shi ne 7x12 ko 7x14. Kamfanin Sieg na Shanghai ne ya fi shahara da yin sa, ana kuma sayar da shi da sunaye da fenti iri-iri, irin su Grizzly, Clarke da Warco. Yana juya faɗin milimita 180, tsawo 300 ko 350, ramin sandar kansa milimita 20, nauyinsa wajen kilo 40. Gudunsa daga kamar 100 zuwa 2,500 ne, ana murɗa shi da ɗan maɓalli. Yana yanka zaren noti ta hanyar canza giyoyi. Kuɗinsa tsakanin dala 600 zuwa 1,000.

A ma'aunin girma ya wadatar: duk injin da sabon shiga zai taɓa a shekarunsa na farko zai shiga cikinsa. Inda yake da rauni shi ne gudun ƙasa, kuma a nan ne ya kamata a bambance iri biyu. Tsohon samfuri, C2 da C3, motarsa ta lantarki mai burushi ce, wat 250 zuwa 350, tana bi ta giyoyin roba guda biyu na sama da ƙasa da ke cikin kai. Idan wuƙa ta cije, musamman wajen datse aiki, haƙoran robar nan ne ke karyewa, kuma kafin a kai gare su sai an kwance kan gaba ɗaya an zare sanda. Sabon samfuri, SC2 da SC3, motarsa wat 500 ce mara burushi, bel ne ke ja kai tsaye, babu waɗannan giyoyi, kuma tana da ƙarfi sosai a ƙaramin gudu. Bambancin kuɗin ya cancanci a biya. Masu sayar da irin wannan let ba tare da sanannen suna ba sukan rubuta wat mai yawa a talla, kada wannan ya ruɗe ka.

Kada ka ɗauka daga kwali za ka fara aiki. Yana zuwa shafe da jan girisi, wani lokaci da ragowar yashin zubi a lunguna. Sai an kwance keken, an wanke da kananzir, an shafa mai, sannan an daidaita siraran ƙarafan matsi da ke gefen kowane majanyi, wato sashen da ke zamewa gaba da baya, har ya riƙa tafiya sumul ba ya girgiɗi. Daga nan a gwada wutsiya, wato sashen da ke fuskantar kai yana tallafar ɗaya bakin aiki: a kama sandar baƙin ƙarfe mai milimita 20 da tsawon 150 tsakanin tsinin kai da na wutsiya, a yi yanka mara zurfi, a auna bakin nan da bakin can. Idan bambancin ya wuce milimita 0.02 ko 0.03, a matsar da wutsiya da rabin bambancin a sake gwadawa. Wanda ya tsallake wannan zai yi ta fitar da fistin mai kai babba da gindi ƙarami yana zargin hannunsa. Da yawa kuma sukan cire boris ɗin kai na asali, 6206, su sa 30206 mai nadi, wanda ke rage karkarwa wajen datsewa. Wannan ba aikin makon farko ba ne.

Babban haɗarinsa allon lantarkin da ke sarrafa gudu. Wutar da ke hawa da sauka tana kashe shi, haka ma ɓarɓashin ƙarfe idan ya shiga akwatinsa, kuma idan ya mutu na'urar ta mutu har sai an kawo wani. Ga wanda ke inda wuta ba ta da tabbas, ko yake aiki da janareta, sitabilaiza dole ce, kuma hikima ce a sayi allo na biyu tare da na'urar. A kuma lura da abin da ake saya: wanda aka yi wa kasuwar Amurka volt 110 yake ci, alhali wutar Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce. Sandar da ke jan keke ma iri biyu ce, ta milimita da ta inci. Zaɓi ta milimita idan notunan da ke kasuwarku na milimita ne.

Akwai yayyensa masu faɗin inci 8 zuwa 10, masu nauyin kilo 60 zuwa 150 ko fiye. Sun fi shi tsayuwa da ƙarfi, halinsu kuwa ɗaya ne: sai an gyara kafin a more. Duba mafi ƙarancin gudunsu kafin ka biya, domin wasu masu bel ba sa sauka ƙasa da 150.

## Sherline da Taig

Waɗannan biyun na Amurka ne, kuma tunanin da aka gina su a kai daban ne: ƙanana, marasa nauyi, amma daidai suke tun daga kwali.

Sherline ana yin sa a Vista ta jihar Kalifoniya. Yana juya faɗin inci 3 da rabi, wato milimita 90, tsawo inci 8 ko 17, ramin sandarsa milimita 10, ƙaramin kuwa nauyinsa bai fi kilo 11 ba sosai. Gudunsa 70 zuwa 2,800, kuma akwatin wutarsa yana karɓar volt 100 zuwa 240 da kansa. Kuɗinsa yana farawa daga wajen dala 700 zuwa 1,000, kuma kayan haɗinsa, waɗanda suke da yawa ƙwarai, ba su da arha. Ana iya ɗaga kai da wutsiya da 'yan tubala na musamman faɗin ya kai kusan inci 6, sai dai duk ɗagawa tana rage tsayuwa. Zaren noti ana yanka shi ne da wani haɗi na daban, a cire mota a riƙa juyawa da hannu. A kan ƙananan sukurori wannan ba aibi ba ne, domin yawancinsu da taf (mai yanka zare a cikin rami) da dayis (mai yanka shi a jikin sanda) ake yi.

Taig daga Chandler ta jihar Arizona yake, a Ingila ana kiransa Peatol. Faɗinsa inci 4 da rabi, tsawo ya kusa inci 10. Ya fi kowanne arha, daga dala 300 zuwa 600 gwargwadon abin da aka haɗa, har ana sayar da shi ba mota, mutum ya sa tasa, abin da ke kawar da matsalar volt gaba ɗaya. Fulinsa mai hawa shida yana ba da gudu daga wajen 500 zuwa sama da 5,000. Koma ga lissafin da aka yi a sama za ka ga inda ya dace da inda bai dace ba: a kan siririyar tagulla da alminiyam babu kamarsa, a kan fulawil na ƙarfen zubi kuwa gudunsa na ƙasa ya ninka abin da ake so sau shida. Na asalinsa ba shi da sandar yanka zare.

Dukansu suna daɗewa idan ba a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu ba. A kan baƙin ƙarfe sai yanka kaɗan-kaɗan, kamar rabin milimita ko ƙasa, don haka aikin da wani let zai gama a minti goma zai ci maka rabin awa. Haɗarinsu guda ne: mutum ya girme su cikin shekara ɗaya. Amfaninsu kuma a fili yake ga mai ɗaki ɗaya, ko wanda kuɗin dako ya fi tsorata shi fiye da kuɗin na'ura. Proxxon na Jamus yana cikin wannan sahu wajen tsabtar aiki, sai dai kuɗinsa ya fi haka nesa.

## Tsofaffin Ingila da Amurka

Myford ML7 ya fito a 1946 daga Beeston kusa da Nottingham, Super 7 ya biyo baya a farkon shekarun 1950. Faɗinsa inci 7, tsawo inci 20, kuma gadonsa yana da wani giɓi a gaban cok wanda ke barin abu mai faɗin inci 10 ya juya. Abin da ya sa ake son sa har yau shi ne giyar baya: ana haɗa ta gudu ya sauka zuwa kamar 35 a minti da ƙarfi mai yawa, daidai abin da ƙarfen zubi ke so. Motarsa talaka ce, ba allo ba komai, duk mai gyaran mota ta lantarki zai iya sake naɗa ta. Tsohon kamfanin ya rufe a 2011, amma sunan ya koma hannun wasu, ana kuma samun kayan gyara, sababbi da na hannu. ML7 mai kyau a Ingila yakan kai fam 600 zuwa 1,500, Super 7 ya fi haka. Na Amurka da ke matsayinsa shi ne South Bend mai inci 9, wanda Boxford na Ingila da Hercus na Ostireliya suka kwaikwaya. Ya fi Myford nauyi, ya haura kilo 150.

Idan ka samu mai lafiya, ya fi duk waɗanda aka ambata daɗin aiki. Matsalar tana cikin kalmar “idan”. Na'ura ce mai gomman shekaru, kuma sabon shiga shi ne mafi ƙarancin sanin yadda ake gane wadda ta gaji. Kada a saye ta a hoto. Ga abin da ake dubawa.

Gado yana cinyewa ne a kusa da cok, inda ake yawan aiki. Kawo keke kusa da kai, ɗan matse makullinsa har ya fara kamawa, sannan ka tura shi wajen wutsiya. Idan ya cije kafin ya kai rabin hanya, gadon ya ci. Gadon Myford shimfiɗaɗɗe ne, don haka ana iya auna kaurinsa da maikuromita, ma'aunin kauri mai murɗi, a kusa da kai da kuma can ƙarshe a kwatanta. Sai sandar kai: kama ƙarfe a cok, ɗora agogon awo a kansa, ka ɗaga da hannu. Motsin da ya wuce milimita 0.03 zuwa 0.05 yana nufin akwai aiki a gaba. Buɗe murfi ka ƙirga haƙoran giyar baya, domin mutane sukan kulle sanda da ita su buga cok don ya kwance, haƙori ya tafi. Tambayi cikakken jerin giyoyin canji, da cok mai yatsu huɗu, da faranti. Sayen su ɗaya-ɗaya daga baya yana cin kuɗi fiye da zato.

Abu biyu kuma. Cok ɗin waɗannan na'urori murɗa shi ake yi a kan sanda, saboda haka idan aka juya mota baya da ƙarfi yana iya kwancewa ya faɗo. Sannan yawancinsu komai nasu na inci ne, notunan Myford ma irin na Ingila na dā ne, sifanar milimita ba ta zama daidai a kansu. Yanka zaren milimita daidai tsaf a kan irin wannan let yana bukatar giya mai haƙora 127, saboda inci ɗaya milimita 25.4 ne, biyar ɗinsa kuma 127.

Manyan let na masana'antu irin Colchester da Harrison, waɗanda ake gani a shagunan masu yanka ƙarfe da makarantun fasaha, wani lokaci sukan faɗo da arha. Nauyinsu ya haura rabin tan, yawancinsu wuta mai layi uku suke ci, kuma huda ramin milimita 1.6 a kansu kamar yanka farce da gatari ne. Na'urar nan kuwa da ake tallata ta da cewa let ce, milin ce (mai shafe fuskar ƙarfe), mahuda ce duk a jiki ɗaya, ba ta gamsarwa a ko ɗaya.

| Ma'auni | Ƙaramin na China | Sherline | Taig | Myford ML7 na hannu |
|---|---|---|---|---|
| Faɗi | mm 180 | mm 90 | mm 114 | mm 178, 250 a giɓi |
| Gudu a minti | 100 zuwa 2,500 | 70 zuwa 2,800 | 500 zuwa 5,000 | 35 zuwa 640 |
| Nauyi | kilo 40 | kilo 11 zuwa 14 | mara nauyi | kilo 80 zuwa 100 |
| Kuɗi | dala 600 zuwa 1,000 | daga dala 700 | dala 300 zuwa 600 | fam 600 zuwa 1,500 |
| Yanka zare | e | da haɗi na daban | a'a | e, na inci |
| Sauƙin farawa | sai an daidaita | nan take | sai an haɗa | ya danganta da lafiyarsa |
| Babban haɗari | allon wuta, giyar roba | ƙanƙanta | rashin gudun ƙasa | cinyewar gado |

## Abin da ba ya cikin kwali

Cok mai yatsu uku da ke zuwa da na'ura ba ya kama abu a tsakiya tsaf, kaucewar milimita 0.05 zuwa 0.1 ba abin mamaki ba ce. Don haka sayayya ta farko ita ce cok mai yatsu huɗu, wanda kowane yatsa ke tafiya shi kaɗai, tare da agogon awo mai gindin maganaɗisu. Da su ake kama abu mai kusurwa huɗu kamar silinda, da su ake kauce wa tsakiya da gangan. Sai maikuromita na 0 zuwa 25, baniya (ma'auni mai zamewa) ta milimita 150, cok na huda na wutsiya, bakunan huda na fara tsakiya, jerin bakunan huda daga milimita 1 zuwa 10, rima (mai gyara rami ya zama daidai awo) ta 4, 6 da 10, magagari, zarto, da taf da dayis daga M2 zuwa M6. Kowane taf da ramin da yake so: M2 1.6, M3 2.5, M4 3.3, M5 4.2, M6 5. Taf na M2 da M3 suna karyewa idan aka shiga da su a karkace, saboda haka a fara su a kan let, taf a wutsiya, ana juya cok da hannu, wuta a kashe.

A kan wuƙa, ƙananan na'urori sun fi son HSS mai kaifi, milimita 6 ko 8, wadda mutum ya wasa da kansa a ɗan injin washi. Bakin kabaid na gama-gari, wato ɗan baki mai tauri da ake ɗaura wa wuƙa, ba shi da kaifi sosai, yana son ƙarfi da gudun da ƙaramin let ba shi da su. Tsinin wuƙa kuma dole ya zauna daidai tsakiyar aiki: idan ya yi sama gugar ƙarfe yake yi, idan ya yi ƙasa aiki na hawa kansa. Tagulla tana son wuƙa mai shimfiɗaɗɗen sama, in ba haka ba tana fizgar ta, haka take yi wa bakin huda ma sai an ɗan dakushe leɓensa da dutse.

Injin milin zai iya jira. Ɗan majanyi na tsaye da ake ɗaurawa a keken let yana yin ƙananan ayyukan shafe fuska.

Let ba ya sakin abin da ya kama. Babu safar hannu, babu zobe, babu riga mai faɗin hannu ko mayafi mai lilo a kusa da shi. Gilashin ido kullum, domin tagulla tana feso ɓarɓashi kamar allurai. Makullin cok kuwa, hannunka ba ya barinsa sai ya fito daga cok.

## Wane inji za a fara ƙerawa

Mafi sauƙi shi ne inji mai silinda mai lilo. Ba shi da bawul: silindar ce ke lilo a kan wani fegi, ramin da ke jikinta yana haɗuwa da ramin shigar iska sannan da na fita. Sassansa ba su kai goma sha biyu ba, duk daga guntayen tagulla, alminiyam da baƙin ƙarfe. Rami milimita 10, tafiyar fistin 12, fulawil 40 zuwa 50 ya isa, kuma duk na'urorin da ke teburin sama za su yi shi. Idan ya ƙi tashi, dalilin bai wuce uku ba. Ko ramukan iska ba su haɗu ba, shi ya sa ake huda su ta cikin ɗan ma'aunin ƙarfe da aka ɗora a kan fegi da hannun karanshaf maimakon a yi ta zana layi. Ko fuskokin da ke gugar juna ba su kwanta ba, maganinsa a goga su a takardar yashi mai lamba 600 da aka shimfiɗa a kan gilashi. Ko kuma sifirin da ke danne silinda a mazauninta ya matse da yawa. Fistin yana son sarari kamar milimita 0.02: ya zame da kansa, amma idan ka toshe ramin da yatsa ya tsaya. A fara gama ramin silinda sannan a sassaƙa fistin ya dace da shi, domin rage waje ya fi gyara ciki sauƙi.

Mataki na gaba shi ne Stuart 10V na Ingila, wanda ake sayen zubinsa a sassaƙa: rami inci uku bisa huɗu, tafiya haka, fulawil inci 3, tsayi wajen inci 6. Kyakkyawan inji ne, amma kuskure ɗaya yana nufin odar sabon zubi, kuma notunansa irin BA ne, wani tsohon awon zare na Ingila, ke nan sai ƙarin taf da dayis. Fatar ƙarfen zubi tana da tauri da yashi, don haka yankan farko ya shiga ƙarƙashinta, kamar milimita ɗaya, a ƙaramin gudu. Wanda ya yi ta shafa sama-sama zai dakushe wuƙa nan take. Nan ne Myford da SC3 ke nuna fifikonsu.

Injin Stirling, wanda malamin coci ɗan Sikotland Robert Stirling ya yi wa rajista a 1816, yana da kamar sauƙi saboda ba tukunya, ɗan zafi kawai yake so. Yaudara ce. Ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai, gugar da injin tururi ba zai ji ba tana hana shi motsi, iska kuma ba ta da izinin zurara ko kaɗan. Sai hannu ya faɗa. Injin fetur kuwa, irin Webster mai rami inci bakwai bisa takwas da tafiya inci ɗaya da kwata, wanda aka tsara shi don mai fara injin fetur, yana ƙara bawul da dole ya rufe ruf, giyoyin biyu-da-ɗaya, kafireta da wutar fulogi. Inji na uku ne ko na huɗu.

Duk injin tururi a fara gwada shi da iska, ba daga tukunya ba. Ɗan kwamfuresa a matsin bar ɗaya (ma'aunin matsin iska) ko ƙasa ya isa, famfon taya ma yana tayar da mai lilo. Tukunyar tururi aiki ce ta daban: jan ƙarfe, haɗi da azurfa, bawul ɗin tsaro, da gwaji da ruwa a ninki biyu na matsin aiki kafin wuta ta taɓa ta. Ba a yin jikinta da tagulla, domin ruwan zafi yana cinye tutiyar da ke cikinta ta yi rauni.

Kayan sassaƙa kuwa ana tsintar su a kasuwannin ƙarafa irin Panteka a Kaduna, Kofar Ruwa a Kano ko Katako a Yamai: tsofaffin kawunan famfo na tagulla, guntayen alminiyam, sandunan cikin firinta da suka mutu, waɗanda suke miƙaƙƙu kuma daidai awo. Gwada kowane ƙarfe da magagari, idan ya zame bai kama ba an taurara shi, bar shi. Rodin gini yana sassaƙuwa da muni, alminiyam ɗin da aka narka aka zuba irin na tukwane kuma yakan fito da ƙananan ramuka a ciki, bai dace da silinda ba. Lokacin hunturu a riƙa rufe na'ura, domin ƙura idan ta haɗu da man gado tana cin sa kamar dutsen washi.

## Wa ya dace da wanne

Mai farawa daga babu, wanda bai san inda sha'awar za ta kai shi ba kuma ba ya ƙin kwance na'ura ya gyara, ya ɗauki 7x14 mai mota mara burushi, volt 230, sandar milimita, da cok mai yatsu huɗu, sitabilaiza da allo na ajiya. Zai kai shi daga mai lilo har Webster.

Mai ƙaramin wuri, ko wanda zuciyarsa ke kan injuna masu fulawil ƙasa da milimita 75, Stirling da aikin agogo, Sherline ne nasa. Idan kuɗi ya gaza kuma tagulla da alminiyam zai fi taɓawa, Taig da motar da ya samo a gida.

Mai niyyar ƙarfen zubi, Stuart da abin da ya fi shi girma, wanda kuma ke da masanin da zai raka shi duba gado da giyar baya, ya nemi Myford, Boxford ko South Bend. Idan babu mai rakiya, kuma ba zai ga na'urar tana juyawa da idonsa kafin ya biya ba, na China mai inci 8 zuwa 10 ya fi masa aminci.